Shafi Na Sha Biyu Da Ban Sa Wa Hannu Ba

Ku gyara zama, 'yan uwana masu karatu. Labarin mota na zo muku da shi yau, amma kada kowa ya tashi, akwai namiji a ciki.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Maricruz, shekarata ashirin da shida, ina zaune a Cholula tare da mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Doña Chayo. Sana'ata kek: na aure, na baftisma, da na bikin da ake yi wa yarinya in ta cika shekara sha biyar. Kek mai hawa huɗu ba ya shiga bas. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, har yau uwar amaryar ba ta amsa gaisuwata.

Shi ya sa bara na ɗauki mota haya ta shekara uku, peso dubu bakwai da ɗari huɗu duk wata, inshora da gyara a wuyan kamfani. Fara ce, mai faɗin baya, in na kwantar da kujeru kek ya zauna daram har ƙofar gidan biki. Wanda ya yi mini takardun shi ne Eliseo, ma'aikacin kamfanin, kuma shi ne namijin da na ce muku.

Dogo ne siriri mai tabarau, komai nasa a goge yake har hankici. Ranar da ya kawo makulli Mama ta zuba masa kofi mai kirfa, ya sha kofi uku, tun daga nan ya zama ɗan gida. Duk Asabar sai ga shi wai ya zo duba lafiyar mota. Ya buɗe gaba ya leƙa na minti biyu, sannan ya zauna a kicin awa uku yana riƙe mini kwano ina kaɗa ƙwai. Motar kuwa ko tari ba ta taɓa yi ba.

Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Abu ɗaya ne ke hana ni sakin jiki: ban taɓa jin mutumin nan ya ce a'a ba. Mun je cin abinci an kawo masa abin da bai ce ba, ya cinye ya yi godiya. Ogansa ya kira shi ranar hutu, ya miƙe tsaye a falonmu yana cewa "to, ranka ya daɗe", kamar ogan yana kallon sa. Sai in riƙa tambayar kaina, ranar da wani ya taka ni, shi ma to ɗin zai ce?

Mama ba ruwanta da wannan. Ita albashi ta gani, da katin asibiti, da kuɗin ƙarshen shekara. Da kanta ta tsayar da rana: Lahadin ƙarshen wata iyayensa za su taso daga Atlixco da kwandon kayan marmari da burodi da kyandir su nemi aurena. Na ce a ɗan jinkirta in yi tunani, ta ce ta riga ta sayi barkono kala huɗu na mole, miyarmu ta biki, in yi tunanin ina tsinke masa hanci.

Saura sati uku, ranar Litinin da hantsi, ina tsaye da rigar girki ina jera furannin sukari a kan kek, wayata ta yi ƙara. Na goge yatsa na duba.

*Abokiyar hulɗarmu mai daraja: daga wata mai zuwa kuɗin hayar motarki ya koma peso 9,100, saboda tsadar inshora da kayan gyara. Mun gode da fahimtarki.*

Fahimtata? Yaushe na fahimta har ake mini godiya? Dubu ɗaya da ɗari bakwai ribar manyan kek biyu ce cif, kowane wata, har shekara biyu masu zuwa. Na tura wa Eliseo hoton saƙon ba tare da na ce komai ba. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

*Na gani. Duk masu haya aka tura wa.*

*Kai ka ce mini farashin ba ya motsi.*

*Don Fulgencio ya ce yana cikin yarjejeniya. Shafi na 12.*

Don Fulgencio shi ne manajan. Na tsaya ina kallon lambar nan, sha biyu, sai dariya ta kama ni ni kaɗai a kicin, domin in akwai abin da ba za a taɓa yi mana gardama a kansa a gidan nan ba, to yawan shafukan yarjejeniyar nan ne.

Kun san yadda ake yi, ba a ƙarshen takarda kawai ake sa hannu ba, kowane shafi sai ka ɗan ja alamarka a gefe, don kada a cire wani ko a ƙara. Kowa ɗan karce yake yi ya wuce. Mama ita ce ta tsaya mini, don haka ita ma sai ta sa. Da Eliseo ya nuna mata gefen shafin farko ya ce ta ɗan yi alama, sai ta ce ita ba kaza ba ce da za ta yi tonon ƙasa a takarda, tana da suna. Ta juya takardar a kaikaice ta fara rubuta cikakken sunanta: María del Rosario Tepox Cuautle, matar marigayi Xicale. A kowane shafi. Minti arba'in muka yi a ofishin nan, sai da aka sayo mata lemo, biro ɗaya ya ƙare. Tana gama kowanne ta ɗago ta faɗi lambarsa da ƙarfi. Na ƙarshen da ta faɗa, har mai gadi ya ji, sha ɗaya ne.

Na kira ta daga tsakar gida inda take shanya. Ta wanke hannu, ta je gaban ɗan teburin addu'arta, ta nemi gafarar Budurwa Maryamu sannan ta ɗaga mutum-mutumin. Nan take ajiye duk takardar da ta isa takarda, daga ta gida har ta haihuwata. Ta lashi yatsa ta ƙirga sau biyu.

"Sha ɗaya," ta ce, tana hura hanci. "Ga sunana nan kamar na gwamna."

Murnar ba ta daɗe ba. Ina cewa gobe zan je kamfanin, fuskarta ta sauya. Ta zauna a bakin kujera ta ce in bar maganar, in biya kawai, za ta riƙa cika mini daga kuɗin fanshonta. Wai wace mai hankali ce za ta je ta ɗaga murya a wurin aikin mijin da za ta aura, saura sati uku.

"Mama, cutata fa za su yi."

"Cuta ta wata-wata ce, miji na har abada ne. In aka kore shi, kek za ki riƙa ba shi safe da yamma?"

Amma da safe na saka farar riga da wandona baƙi na zuwa banki, na ɗaure gashi ta baya, na tafi.

Ofishin Don Fulgencio sanyi kamar cikin firij. Mutum ne mai tumbi da zobe a ƙaramin yatsa, irin masu kiran kowace mace "'yata" ko da ta girme su. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya yabi kek ɗina da bai taɓa ci ba, sannan ya buɗe nasu kwafin ya tura mini. Ga shafi na sha biyu kuwa, an maƙala shi a baya, yana cewa kamfani na da ikon gyara farashi duk lokacin da kasuwa ta sauya. Gefensa fari tas, ko ɗigon tawada babu. Na ɗora yatsa a wurin.

Ya yi murmushi ya ce wannan ƙarin bayani ne, ba ya buƙatar sa hannu a gefe, na riga na amince da shi ranar da na sa hannu da yatsa a allon kwamfutar hannu lokacin karɓar makulli. Sai ya rage murya ya ce ya ji labari mai daɗi game da ni da yaronsu, kuma akwai kujerar mataimakin manaja da za ta buɗe kwanan nan, ba zai so wata 'yar hatsaniya ta ɓata lissafi ba.

Duk wannan Eliseo yana tsaye a bakin ƙofa rungume da fayil, idonsa a kan takalminsa.

"Eliseo, raka ta mota," in ji manajan.

"To, ranka ya daɗe."

'Yan uwa, na ji wannan to ɗin har cikin haƙorina. Ban bari ya raka ni ba. Daga nan ban zarce ko'ina ba sai ofishin kare haƙƙin masu saye da ke Puebla, na ja lamba na zauna tsakanin wani tsoho rungume da injin markaɗe da wata mata mai rasit ɗin katifa.

Wadda ta saurare ni lauya ce mai suna Ofelia, gajera, tabarau rataye a wuya da sarƙa. Ta karanta shafukana sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan sunan Mama ta ce wannan baiwar Allah ta san abin da take yi. Ta bayyana mini cewa farashin da aka sa wa hannu shi ne farashi, kamfani ba ya tashi shi kaɗai ya sauya, kuma tsadar kayan gyara lissafinsu ne da ya kamata su yi tun farko. Ta ce in ci gaba da biyan tsohon kuɗin a kan lokaci, in adana kowane rasit da kowane saƙo, kada in mayar da mota don fushi, kada kuma in sa hannu a wata sabuwar takarda ko da an haɗa mini da lemo. Abin da ya rage shi ne maganar allon kwamfutar nan, sai an ji me aka nuna mini ranar. Ta sa mana zaman sulhu ranar Juma'a, kwana biyu kafin Lahadin neman aure.

Sati biyu da rabin nan gidanmu ya zama gidan kurame. Mama ta daina yi mini magana kai tsaye, sai dai ta gaya wa kyanwarmu. In ina wucewa ta ce wa kyanwa wasu 'ya'yan sun fi son mota da uwarsu. Duk da haka ba ta fasa soya barkono da gyaɗa da riɗi ba, ƙamshin mole har layi na biyu. Eliseo kuwa Asabar biyu bai zo duba lafiyar mota ba. Kullum ƙarfe biyu na rana saƙo ɗaya yake turowa:

*Kin ci abinci?*

In buɗe, in bar shi da alamar an karanta. Raina a ɓace yake, kuma ina kewarsa, duka biyun a lokaci guda. Ƙwai ma da na kaɗa ni kaɗai sai na ga kwanon yana ta zamewa.

Ranar Juma'a na saka doguwar rigata shuɗiya mai ɗamara, da 'yan kunnen azurfa na kakata. Mama, da yake an kira ta a matsayin wadda ta tsaya mini, ta fito da baƙin mayafinta na zuwa coci da jakar hannu, fuska a ɗaure kamar za ta jana'iza. A hanya ta gaya wa gilashin mota cewa ita dai ba da yawunta aka zo ba.

Ɗakin zaman ƙarami ne, tebur ɗaya da fanka mai kuka. Don Fulgencio ya shigo da turarensa, a bayansa Eliseo, riga a goge kamar kullum, amma ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Manajan ya gabatar da shi a matsayin shaida, tunda shi ya kawo mini makulli. Na san me zai ce, na sha jin sa.

Don Fulgencio ya yi jawabinsa na tsadar kaya da halin da ƙasa ke ciki. Lauya Ofelia ta bar shi ya gama, sannan ta juya ga Eliseo ta tambaye shi ko ranar da ya miƙa makulli ya nuna mini shafi na sha biyu a allon.

Ya cire tabarau ya goge da hankici. Ya mayar. Don Fulgencio ya ɗan buga zobensa a tebur.

"A'a," in ji Eliseo.

Ni da Mama muka kalli juna, karo na farko cikin kwana sha bakwai.

"Ɗaga murya, malam," in ji lauyar.

"A'a, ranki ya daɗe. Abin da ta sa wa hannu rasit ne: makulli biyu, tayar safaya, mai rabin tanki. Wannan shafin a watan Fabrairun bana aka buga shi. Ni aka ba shi in maƙala a fayil arba'in da uku, na ce to, na maƙala. Ban kyauta ba."

Kunnuwansa sun yi ja, amma bai sunkuyar da kai ba. Don Fulgencio ya fara cewa yaron ya ruɗe ne, akwai soyayya a ciki. Lauya Ofelia ta ce soyayya ba ta cikin aikinta, sai dai tana so ta ji ƙarin bayani a kan sauran fayil arba'in da biyun. Nan take manajan ya tuna cewa kamfaninsu na mutunta abokan hulɗa, kuma duk abin nan kuskuren na'ura ne. Aka rubuta cewa kuɗin hayata na nan a dubu bakwai da ɗari huɗu har ƙarshen shekara uku, an soke shafin. Takardar sulhun shafi biyu ce kacal, Allah ya taimake mu, don Mama ta riga ta juya ta a kaikaice.

Na fito kamar in yi rawa a kan matakala. Na ci nasara, motata tawa, ga shi kuma na ji kalmar da na shekara ina jira. Ina waige-waige in gan shi, sai na hango su a bakin titi, Don Fulgencio ya miƙa hannu, Eliseo ya ciro katin aiki daga wuyansa ya ɗora masa. Kafin in tsallaka ya shige bas ɗin Atlixco. Na kira sau huɗu bai ɗauka ba.

Asabar da safe na tarar da Mama tana rarraba mole a ƙananan robobi tana jerawa a firij. Ta dawo yi mini magana, har da fara'a. Ta ce yaron kirki ne, ya yi abin da ya dace, Allah ya ba shi wani aikin. Miyar kuma ba za ta lalace ba, ma ci kayanmu a hankali. Batun gobe dai a bar shi tukuna, tunda dama ni na ce ina son in yi tunani, to ga lokaci na samu.

Ku ji fa. Matar da ta hana ni numfashi wata shida.

Ƙarfe biyu daidai wayata ta yi ƙara. Wannan karon ba tambayar abinci ba ce.

*Na ce wa su Baba kada su zo gobe. Ba ni da abin da zan ajiye a gaban Doña Chayo. Kuma ni na maƙala shafin nan a fayil ɗinki da hannuna. Ki yafe mini.*

Na karanta sau uku. Na cire rigar girki, na wanke garin fulawa daga hannuna, na shafa jan baki ko madubi ban duba ba, na zari makulli daga ƙusa. Mama ta riga ni isa ƙofa, ta tsaya a tsakiya da ludayi a hannu.

"Ina zuwa?"

"Atlixco."

"Wurin wanda ba shi da aiki."

"Wurin wanda ya rasa aiki saboda ni, Mama."

Da ta buɗe baki muryarta ta sauka, ba faɗa a ciki. Ta ce ubana mai busa ƙaho ne a gidajen biki, ni ƙarama ce ba zan tuna ba. Watan da ake aure su ci nama, watan da babu su ci wake da gishiri. Akwai shekarar da ta kai zoben aurenta jingina sau uku. Ta ce mutumin kirki ne shi ma, kirkin har ya yi yawa, kuma ta san abin da take guje mini.

Idona ya cika. Ban taɓa jin maganar zoben nan ba.

"Da za a mayar da ke baya, za ki ƙi shi?" na tambaye ta.

Ta kalli ludayin kamar ba ta san yadda ya zo hannunta ba. Sai ta juya ta shige ciki ta bar mini ƙofa a buɗe. Na shiga mota na tayar, zuciyata ba daɗi, don ban so in tafi in bar ta haka ba. Ina shirin ja da baya aka ƙwanƙwasa gilashi.

Mama ce, da mayafinta da jakarta, da babbar roba ta mole naɗe a tawul. Ta buɗe ta zauna, ta ɗora robar a cinya, ta ja bel ta ɗaure.

"Ba za ki je gidan mutane ke kaɗai hannu rabbana ba, a ce ban yi miki tarbiyya ba," ta ce, idonta a kan titi. "Kuma kada ki washe mini baki, ban ce na yarda ba. Tambaya uku zan yi masa a gaban uwarsa. In ya faɗi ko ɗaya, da ke da miyata zan dawo."

Na tambaye ta waɗanne tambayoyi ne.

"Tuƙa," in ji ta.

Na saka giya muka hau hanyar Atlixco.